Garin da Jirage Suka Daina Zuwa

Jiya a unguwar Ammariyya na ji ƙanshin turaren tsinke, sai marigayi Kawu ya faɗo mini a rai. Ma'aikacin jirgin ruwa ne a da. Wannan ƙanshin kan tuna masa wani gari a Taiwan, inda yashi ya cike tasha, jirage suka ƙaura, amma kullum ana share ɗakunan bauta masu jan rufi.

Wata rana ya ce mini, "Daga ƙofa na tsaya, ɗana. Amma mutanen nan ba sa yar da abin da ya tsufa."

Na ce, "Halas, ya isa haka, Kawu, yalla mu tafi."

A ranar ce ake rushe ɗakinsa na unguwar Karantina, ni kuwa na riga na ce masa gidana na unguwar Safa ba wuri.

Allah Ya ba shi masaukin da na hana shi.