Makullin Chindo

Chindo mai gyaran waya ne a tashar Gazawa, har ƙungiyar manoman gyaɗa ta ɗauke shi ya kula da babbar na'urarta ta ajiyar bayanai da ke Yamai. Ya tsani kalmar sirri, don mutanen buro, wato ofis, a jikin bango suke rubuta ta. Sai ya toshe ƙofar shiga da ita, ya haɗa makulli guda a cikin kwamfutarsa, wanda da shi kaɗai ake shiga na'urar daga nesa.

Ya rasu a hatsarin babur a hanyar Maraɗi. Kafin rabon gado, wansa Sale ya sa aka goge kwamfutar Chindo tas, har da makullin, don a rufa wa mamaci asiri. Har yau na'urar tana can tana aiki, kuma Chindo kaɗai take buɗe wa.