Hannun Sufeto

Bango ɗaya ne tsakanin shagona na ɗinki da shagon askin Sufeto, kuma bangon bai taɓa ɓoye mini komai ba. Tun ina saurayi nake jin muryarsa tana danne ƙarar kekena, yana yi wa 'yan sandan cikin talabijin faɗa. Shi kansa bai taɓa sa kaki ba. 'Yan zaman benci ne suka laƙaba masa Sufeto, saboda yakan kama mai laifi tun kafin masu fim su kama shi, sunan ya bi shi har ya shafe na asali.

Talabijin ɗin yana maƙale a bangon da ke bayansa, saboda haka duk kallonsa ta madubi yake yi. Hannu na kan mai aski, ido na can sama. Shi ya sa a wurinsa kowane ɗan sanda bahago ne. In an yi masa tsiya a kan haka sai ya ce shi bai ga laifin bahago ba, in dai zai kama ɓarawo.

Yana son finafinan bincike, amma so ne mai haɗe da mita. Ya ce a ina aka taɓa zuwa kamun ɓarawo da jiniya, kamar ana yi masa sallama. Ya ce masu binciken nan ba sa ci, ba sa barci, ba a taɓa ganinsu a shagon aski ba, amma kullum gemunsu tsaf. Dabararsa ta gano mai kisa ba ta da wuya: ya dubi wanda ya fi kowa ladabi, wanda yake saurin miƙa wa 'yan sanda kujera. In kuma mutum ya shigo da gemun da aka manna masa, Sufeto zai nuna madubi da tsinin almakashi ya ce a riƙe wannan. Sau da yawa yakan dace. In bai dace ba, marubucin fim ɗin ne bai san aikinsa ba.

Su kuwa na tsafi da takubba, masu dodon da ke tashi sama yana aman wuta, cewa yake yi wasan yara ne. Amma ban taɓa jin ya ce a canza tasha ba. Abin da ya fi ɓata masa rai takobi ne. Mutum ya sare runduna guda bai tsaya ya wasa ba, alhali shi rezarsa fuska ɗaya take yi ta dakushe. Sai kuma boka mai iya ta da matacce, amma in tafiya ta kama shi ya ɗauki sanda ya taka da ƙafa wata da watanni. Sufeto ya ce wannan ba boka ba ne, wahalalle ne.

Haka muke har ranar da ya yanki kunnen mai kemis. Ba wani babban yanka ba ne, amma kunne akwai jini, farar rigar mutumin ta ɓaci, ya fita yana faɗa har bakin titi. Sufeto ya ce laifin fim ne. A daidai lokacin abokin aikin mai binciken ya juyo ya harbe shi, wa zai ga wannan cin amana hannunsa bai motsa ba? 'Yan benci suka yi dariya, aka bar maganar a haka.

Ni ban yi dariya ba. Na jima ina ganin yadda kofin shayi ke kaɗawa a hannunsa da safe, da yadda ya koma sa riga marar maɓalli. Ɗansa Auta ma ya gani. Auta shi ne mai kujera ta biyu, magidanci ne da 'ya'yansa, kuma ya daɗe yana lallaɓa uban ya ajiye aiki ya huta. Duk sanda ya taso da zancen sai tsohon ya ce ba a haifi wanda zai raba shi da kujerarsa ba.

Washegari Auta ya zo da tsani. Bai yi gardama ba, bai ɗaga murya ba. Ya ce tunda talabijin ne mai laifi, to a cire shi, sai a ga ko yankan zai tsaya. Na ji wannan ta bango na ce a raina ɗan nan ya gaji ubansa. Sufeto ya gane tarkon sarai. In babu fim ya sake yankar wani, babu sauran wanda zai ɗora wa. Wanzami dai ba ya son jarfa, mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana tuhumar mutane yau ga shi ana bincikensa a shagonsa.

Ya yi faɗa har na ajiye ɗinki na leƙo. Yana tsaye tsakiyar shago, ƙyallen aski a kafaɗa.

"Na san wannan labarin," in ji shi. "Duk inda ka ga tsoho a fim ɗin takubban nan, an kawo shi ne ya miƙa wa yaro takobi ya kwanta ya mutu. To ni ba a fim nake ba. Cire. Ka cire har da madubin in kana so."

Auta ya sauko da talabijin ɗin ya kai ɗakin ajiya. A bangon sai ƙusoshi da wani wuri mai haske inda fenti bai koɗe ba.

Abin da ya biyo baya shi ne ya ba ni haushi, har yau kuma ban huce ba. Mutanen da suka shekara suna shan labari a bakinsa kyauta, yanzu in ya kaɗe ƙyalle ya ce na gaba, sai kowa ya shiga duba waya. Wani ya ce Auta yake jira, wani ya ce shi hira kawai ya zo. Sun ga gemun ɗan'uwansu ya kama wuta, kowa yana shafa wa nasa ruwa. Sufeto bai roƙi kowa ba. Kullum yana riga Auta buɗe shago, ya share, ya jera kayan aikinsa, ya tsaya bayan kujerar da ba kowa a kai. Da lokacin fim ya yi sai ya ci gaba da ba da labarin daga kansa, ya kashe wanda ya ga dama, ya ɗaure wanda ya ga dama. Ba wanda ya isa ya ce ba haka aka yi ba.

Wata rana da hantsi na kasa jurewa. Gashina bai ma taru ba, amma na shiga na zauna a kujerarsa na cire hula.

Ya dube ni ta madubi ya ce, "Tela, tausayi ne ya kawo ka ko aski?"

Na ce, "Aski, Baba. Har da gyaran ƙeya."

Da inji ya fara, kuma ba laifi, don inji yana rufa wa hannu asiri. Yana yi yana ba ni labarin yadda mai binciken da aka harba bai mutu ba, yana kwance a asibiti yana haɗa lissafin maci amanarsa. Sai ya ajiye inji ya sa sabuwar reza. Auta yana aski a gefe, amma idonsa na kanmu. Na ji tsohon ya dafa kaina da hagu, na ji sanyin ƙarfen a wuyana yana ɗan rawa. Ya yi gefe ɗaya lafiya. A ɗaya gefen, bayan kunne, na ji zafi siriri, sannan wani ɗumi ya gangaro cikin wuyan rigata.

Ban motsa ba. Na miƙa hannu na ɗauki hulata na kifa, na ja ta ƙasa sosai, na ce ya isa haka, ina da ɗinkin da ake jira. Niyyata in fita da abina ba wanda ya sani.

Sai ya sa hannu ya cire hular.

"Ban taɓa ɓoye aikina a ƙarƙashin hula ba," in ji shi. Ya juya kujerar da ni a kai har ƙeyata ta fuskanci ɗansa. "Zo ka gani. Ba fim, ba harbi. Hannuna ne. Amma ku shaida, ba wanda ya kama ni, ni na kawo kaina."

Ya danna mini auduga da sifirit, ya riƙe har jinin ya tsaya. Sannan ya shiga yanke hukunci da kansa. Reza ya ajiye daga yau. Inji da kujera kuwa suna nan a hannunsa, mai so ya zauna, wanda ba ya so ga ƙofa. Talabijin kuma, tunda mai laifi ya bayyana, a sako shi daga ɗakin ajiya kafin fim ɗin yamma, don an tsare shi ba da hakki ba. Wani a benci ya fara dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya haɗiye abarsa.

Ya miƙa wa Auta rezar ta wajen mariƙi, ya ce ya ƙarasa mini. Auta ya karɓa, ya daɗe tsaye a bayana bai fara ba, yana ta goge ido da kafaɗa. Uban ya matso dab da shi.

"Kwantar da ita," in ji shi. "Ba nama kake yanka ba."

Ta madubi na ga ya tura hannayensa biyu cikin aljihu, bai fito da su ba har aka gama.