Kurmin da ke Cikin Ɗigon Ruwa

Goggo ta ƙare ƙuruciyarta tana goge daɓen asibiti. Hannunta ya saba da sabulu har tafin ya yi fari, idonta kuwa ba ya ganin datti ya ƙyale. Da ta yi ritaya, sai ta gina kwarmin siminti a bayan ɗaki, ta shiga kiwon 'ya'yan kifi.

Kifin suka ƙi ta. Da zarar ruwan ya soma kore, sai ta zubar, ta dirje kwarmin, ta cika shi da ruwa garai-garai kamar hawaye. Ba a jimawa 'ya'yan kifin su taso, ciki sama. Wannan zubin shi ne na ƙarshe. Ta rantse in suka mutu ta haƙura, ta mayar da wurin ɗakin kaji.

Ran nan ta ɗauko buroshi ke nan sai ga taubashinta, tsohon mai gadin gandun daji, tare da Auta, 'yarta da ke aiki a ɗakin gwaje-gwaje, rungume da madubin likita.

"Uwar tsabta, yau ma wankan gawa za a yi musu tun da ransu?" in ji taubashin.

"Kai da ka tsufa kana hira da itatuwa, me ka sani?"

"Goggo, don Allah ajiye buroshin nan," in ji Auta. "Leƙa ki ga abin da kike zubarwa."

Ta ɗiga ɗigo guda na koren ruwan a kan gilashi. Goggo ta kanne ido ɗaya ta duƙa. Ƙwayoyi koraye ne birjik, ba su ƙirguwa. A tsakaninsu wasu 'yan halittu masu gashi suna juyi suna kiwo. Can sai ga wata ƙatuwa ita kaɗai, jikinta kamar gilashi, ana hango zuciyarta tana bugawa fat-fat-fat.

"Subhanallahi! Duk a ɗigo ɗaya?"

Auta ta ce, "Ƙananan su ne abincin manyan, manyan kuma abincin kifinki. Ƙaramin yakan ci da sauri, ya hayayyafa da sauri, wani ko kwana ba ya yi."

Taubashin ya ture Goggo da kafaɗa ya leƙa. Ya daɗe bai ɗago ba. Da ya yi magana, tsokanar ta bar muryarsa.

"Wallahi kurmina ne. Tsiro dubu a ƙasa suna rige-rigen haske, matsakaita kaɗan, sannan babbar bishiya guda, wadda ba ta gaggawar komai, ta ga kakana ta ga jikana. Na zaci a daji kaɗai Allah ya yi wannan tsari."

Goggo ta zauna a bakin kwarmin. Ita da ta yi rayuwa tana yaƙi da abin da ido ba ya gani, ashe a cikinsa akwai makiyaya da abin kiwo, da zuciya mai bugawa.

Ta bar ruwan da korensa, ko da yake kullum ta wuce sai hannunta ya yi mata ƙaiƙayi. Sati na zagayowa ta watsa garin abinci, ruwan ya ɓarke da 'yan baƙaƙen bakunan kifi.