Kukan 'Yar Fari

Tun tana ciki aka gani. Likitar da ta yi min eko, wato hoton ciki, ta nuna min wani baƙin zagaye a marar jaririyar, ta ce ƙulli ne mai ruwa a gidan ƙwanta. Na ce, "Dokta, wadda ba a haifa ba har tana da ƙwai?" Ta ce tana da shi. Sau da yawa ƙullin kan ɓace da kansa, amma yana iya murɗewa, jini ya daina kai wa wurin. In na ga kuka marar tsayawa da amai, kada in jira kowa.

'Yar fari ce. A gidan mijina a unguwar New Bell uwa ba ta ɗaukar 'yar fari gaban manya, ba ta kiran sunanta, ko kallon kirki ba ta yi mata. Surukata ke mata wanka, ita ke goyo. Mijina kuma ya ce kada a gaya mata zancen ƙullin, kada unguwa ta fara cewa yarinyar ba za ta haihu ba. Sai in zauna bakin murhu ina kasa kunne. Ko atishawa jaririyar ta yi, sai in leƙa.

Wata rana da hantsi, ana ruwa, ta tsala wani kuka da ban taɓa ji ba, tana naɗe ƙafafu. Ta yi amai, ta sake yi. Na ji surukata na cewa a miƙo jiƙo.

Na ajiye ludayi, na shiga, na ɗauke ta daga cinyarta.

"Ikon Allah! Yau kunyar ta tafi cefane Marché Central ke nan?"

"Inna, ki yi haƙuri. Asibiti za mu."

"Don kumburin ciki? Ubanta ma haka ya yi, ga shi nan da gemunsa."

"Ba ciki ba ne, Inna."

A tsaye na gaya mata komai, ina ɗaura goyo. Ta dube ni. Sai ta fice cikin ruwan ba takalmi tana ƙwala wa mai taksi kira.

Ƙullin ya murɗe ɗin. Da aka fito da jaririyar daga tiyata, likita ta ce sun warware shi sun zuƙe ruwan, amma gidan ƙwan ya yi duhu. Sun bar shi ko zai farfaɗo, sai eko na gaba za a sani. Na tambaye ta ɗaya gidan ƙwan fa. Ta ce lafiyarsa lau. Ta kai bakin ƙofa, na bi ta na sake tambaya.