Ruwan da Na Ɗebo wa Ƙanena

A wurinmu Katolika, ɗaya ga watan Janairu rana ce ta Maryamu Uwar Allah. Ƙauyenmu yana tsakanin Kura da Bunkure, gidajen Kirista a cikinsa ba su da yawa, cocinmu kuwa ɗakin ƙasa ne mai rufin kwano, Fada, wato limaminmu, ba ya zuwa sai zagayensa ya biyo ta kanmu. Shekarar da nake da tara a duniya, zagayen ya faɗo daidai ranar sabuwar shekara. Kowa ya tafi coci addu'ar Misa, har Baba, wanda ba ya iya barin gonar tumatir a irin wannan lokaci. Ni da Inna kaɗai muka rage a gida. Cikinta wata bakwai ne, ƙafafunta sun kumbura, Baba ya ce in zauna da ita.

Kafin ya fita ya ce in cika randa. Na ce to, amma ban cika ba. Haushi nake ji. An ɗinka mini sabon kaya, na san matan zumunta za su raba shinkafa bayan Misa, ni kuwa an bar ni da jinya. Na tafi bakin ƙofa inda ake jiyo ganga daga coci, na zauna ina tura baki.

Rana ta fara ɗagawa na ji Inna ta kira ni da wata murya da ban san ta da ita ba. Na tarar da ita a durƙushe, ta riƙe ƙafar gado. Ta ce in ruga in kira Iya.

Iya ita ce ungozomar yankin, Musulma ce, gidanta yana ƙetaren kanal, babbar hanyar ruwan noman rani. Ita ta karɓi haihuwata da ta yayyena, ba ta taɓa tambayar addinin mai naƙuda kafin ta ɗauki mayafinta ba. Na same ta tana tsince albasa. Ko hannu ba ta wanke ba ta biyo ni.

Ba a daɗe ba jaririn ya zo. Namiji ne, ɗan ƙarami, bai fi tsawon tafin hannun Iya da wuyan hannunta ba. Bai yi kuka ba. Ina tsaye a bakin labule, ba wanda ya tuna ya kore ni. Iya ta juya shi, ta shafa bayansa, ta hura masa iska a fuska, sannan ta dubi Inna.

"'Yar nan, wannan baƙon ba mai zama ba ne," ta ce. "Da namu ne, da an yi masa kiran salla a kunne. Ku me kuke yi?"

Katikis, malamin da ke koyar da mu addini, ya sha koya mana cewa idan rai yana bakin fita kuma babu Fada, kowa zai iya yin baftisma. Inna ta ce, "Ruwa. A ba ni ruwa."

Na tafi randa da moɗa. Na san abin da zan tarar tun kafin in buɗe faifan. 'Yar laka ce kawai a ƙasa. Na ɗauki ƙwarya na fita da gudu.

Daga gidanmu akwai wuri biyu da ake kai wa ga kanal. Ɗaya yana kusa, bayan gonar maƙwabcinmu, amma gefensa siminti ne mai gangara, gansakuka ta lulluɓe shi. Ɗayan yana can ƙasa, inda aka yi matakala, mata suna wanki. Na nufi na kusa. An saki ruwa a makon don masu noman rani, kanal ya cika yana gudu ba ƙara. Shekarar da ta wuce wata yarinya sa'ata ta zame a daidai wannan wuri, sai a bakin ƙofar ruwa aka tsamo ta. Na tsaya da ƙwarya a hannu. Na sa ƙafa ɗaya, na janye. Na sake sawa, na janye. Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba, kuma shekaru da yawa na yi ina ƙoƙarin auna shi. Daga ƙarshe na juya na ruga zuwa matakala, na ɗebo, na dawo rabin ruwan a jikin sabon kayana.

Inna ta karɓa. Ta zuba masa a ka sau uku, ta yi masa baftisma da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ta ba shi suna. Ba zan rubuta sunan a nan ba. Sai ta ɗaga kai ta ce, "Iya, da ransa?"

Iya ta ce, "Da ransa."

Da 'yan coci suka dawo, Fada ya riga ya wuce ƙauye na gaba. Baba da katikis suka binne shi a bayan gida kafin la'asar. Babu wanda ya tambayi abin da ya sa randa ta bushe. Washegari Baba ya koma gona, domin tumatir ba ya jira, 'yan gwari kuma sun riga sun kawo kwanduna.

Daga wannan shekarar Inna ta ɗauki wata al'ada. Kowace sabuwar shekara, da an tashi daga coci, ba ta tsayawa cin shinkafa. Takan ɗaure tumatir da albasa da sabulu a ƙyalle, ta ce in rako ta, mu haye gadar kanal zuwa gidan Iya. Za su gaisa, a tambayi gajiya da sanyi da yara, a yi maganar farashin taki da wadda ta haihu da wadda ta yi ɓari. Sai can, idan hira ta lafa, Inna ta sunkuyar da kai ta ce, "Iya, ran nan, da ransa kuwa?"

"Da ransa, 'yar nan. Na ga ƙirjinsa yana motsi."

Inna ta yi ajiyar zuciya, mu tashi. A hanyar dawowa takan ja carbinta na rosari a hankali, ni ina amsa mata.

Da na fara girma na lura da wani abu. Amsar Iya ba ta canzawa, amma shaidar tana canzawa. Wata shekara ƙirjinsa ne ya motsa. Wata shekara ya yamutsa fuska da sanyin ruwa ya taɓa shi. Wata shekara kuma yatsunsa ne suka dunƙule. Ni ma ina wurin, kuma ban ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Amma ni idona yana kan ƙwarya.

Ina da shekara sha huɗu na faɗa wa Fada wannan magana a wurin furta zunubi. Wani dattijo ne mai jin Hausa sosai. Ya saurare ni har na gama, ya ce tsoron da yarinya ta ji a bakin ruwa ba zunubi ba ne, kuma jinƙan Allah ba ya jiran ƙwarya ta iso. Na yarda da shi a lokacin, har yanzu ma na yarda. Sai dai yardar ta zauna a kaina, ba ta sauka cikina ba. Na ci gaba da ganin kaina a bakin simintin nan, da rana tsaka, ina tsaka da wanke-wanke ko ina rubutu a aji.

Na yi aure, muka koma Kumbotso, na samu aikin koyarwa. Ranar da zan haifi 'yata ta fari na ƙi shiga ɗakin haihuwa sai da mijina ya miƙo mini gorar ruwa. Nas ta ce ba a sha yanzu. Na ce ba sha zan yi ba. Na riƙe ta a hannu har yarinyar ta tsala kuka, sannan na sake ta ta faɗi ƙasa. A wannan rana na fara fahimtar Inna. Ina kwance da jaririya a ƙirji, na ƙirga ashe ita ma a wancan lokaci ba ta kai shekara talatin ba.

Bayan wasu shekaru na zo gida hutun Kirsimeti na ji an ce Iya ta makance, ba ta fita. Na tafi ni kaɗai, kwana biyu kafin sabuwar shekara. Tana zaune a tabarma a inda rana ke sauka. Ta gane ni da murya.

"Ina uwar taki? Ai ranarta ba ta zo ba."

Na ce, "Iya, ni ce na zo tambaya yau. Don Allah ki faɗa mini gaskiya. Lokacin da na shigo da ruwan nan, da ransa?"

Tana ta lalubar bakin tabarma.

"Ban sani ba," ta ce. "Na karɓi haihuwa da ba zan iya ƙirgawa ba, amma irin waɗannan ƙananan, tafiyarsu ba ta da alama. Da ya fito akwai rai, wannan na tabbata. Da kika shigo, Allah ne masani. Uwarki tana gabana jini yana zuba, ta tambaye ni. Na duba na ga ɗaya ya tafi ko yana tafiya, ɗaya kuma ina so ta zauna. Na faɗi abin da na faɗa. Na roƙi Allah gafara a kansa, idan ƙarya ce."

Na ce, "Da na zo da wuri fa?"

"Da kin zo da wuri da na sani," ta ce. Ba ta sassauta mini ba, ban kuma so ta sassauta ba. Sai ta ƙara da cewa, "Amma da kin faɗa kanal, da biyu muka binne ranar."

Iya ta rasu da damina. Inna ta je gaisuwa, ta zauna cikin matan gidan kwana uku.

Sabuwar shekarar da ta biyo baya na zo da yarana. Bayan Misa na shiga ɗakin Inna na tarar ta ɗaure tumatir da albasa a ƙyalle, ta ajiye a kan cinya, tana zaune a bakin gado da takalmi a ƙafa. Na zauna kusa da ita. Ban shirya ba, maganar ce ta fito da kanta. Na faɗa mata komai: randar da ban cika ba, tsayuwar da na yi a bakin siminti, da abin da Iya ta gaya mini.

Ba ta dube ni ba sai da na gama.

"Randa kam na sani," ta ce. "Na ji ƙarar moɗa a ƙasanta. Ni ma ana gobe abin zai faru na ɗauki kwandon tumatir daga gona zuwa titi, babanku ya hana ni, na ƙi ji. Kowa da abin da ya riƙe."

Na ce, "Maganar Iya fa?"

"Kina tsammani ban lura ba? Yau ƙirji, gobe yatsa. Tun shekara ta uku na gane ba ta sani ba. Na kai maganar gaban Uwar Yesu na ce, ke ma an sauke miki ɗa a cinya, ke kin san inda nawa yake, ki riƙe mini shi. Daga nan ban ƙara jin tsoron inda ya tafi ba."

"To me ya sa kika ci gaba da zuwa?"

"Babanku bai ga fuskarsa ba, a naɗe ya karɓe shi. Yayyenki ba su gan shi ba. A duniyar nan mutum uku ne suka ga fuskarsa, ni da Iya da ke. Ke yarinya ce, ban so in ɗora miki. Idan na je wurin Iya, ko ba komai sau ɗaya a shekara wani zai yi maganarsa kamar mutum."

Ta kwance ƙyallen, ta fara mayar da tumatir cikin kwano ɗaya bayan ɗaya. Sai ta ce, "Yanzu ai kin girma. Me kika gani?"

Na yi ƙoƙarin tunawa. Na ce na ga tafin ƙafarsa, jajir, da layuka a jiki kamar na babban mutum. Na ce kunnensa ɗaya a naɗe yake.

"Na hagu," ta ce.

Na ce ni na dama nake gani.

"Na hagu ne. Ke daga bakin ƙofa kike kallo." Sannan ta ce, "Gashi fa? Iya takan ce yana da gashi. Ni na kasa tunawa."

Ban tuna ba ni ma. Na so in ce mata yana da shi, baƙi, kwance. Bakina ya buɗe, sai na ce, "Ban sani ba, Inna."

Ta gyaɗa kai. A waje yarana suna rigima da 'ya'yan yayana a kan ƙashin kaza, Baba yana kiran a kawo masa man injin ban-ruwa. Inna ta cire takalminta ta tura ƙarƙashin gado, ta ce in je in raba yaran kafin wani ya ji ciwo.

Shekara biyu muka ƙara yin wannan hira, ni da ita, a bakin gadon nan. A ta uku ba ta nan.