Shingen Lallen Larai

Larai 'yar Yakasai ce, a tsakar gida ta tashi, a nan kuma ta koyi duk abin da ta iya. Mahaifiyarta makitsiya ce. Tun Larai ba ta iya riƙe tsinke ba take zama a gefen tabarma tana kallon yadda ake tsaga, mata sun tuɓe ɗankwali, wasu da ɗaurin ƙirji, ana hira ana shewa. Namiji iyakarsa zaure. Ko magini ne zai hau rufin maƙwabta, sai ya ɗaga murya ya sanar, mata sun kimtsa tukuna.

Da mijinta Abdurrahim ya samu tallafin karatun digiri na uku a Kuala Lumpur, ta biyo shi da 'yarsu Afnan a goye. Suka kama haya a unguwar Cheras, a layin wasu tsofaffin gidaje marasa bene da ke manne da juna. Bayan kicin akwai ɗan fili, bango hagu, bango dama. Amma ta baya, inda ya fuskanci lungu, waya ce kawai. Waya fa, irin wadda ake killace kaji da ita! Mai kwasar shara ya wuce, mai feshin sauro ya wuce, mai kawo gas ya wuce, kowa ya kalli abin da ya ga dama, babu mai sallama. Shanya ma sai Larai ta zura hijabi har ƙasa, a garin da gumi ba ya bushewa. Kullum ta fito da bokiti sai ta yi tsaki, kuma wallahi tana da gaskiya.

Mai gidan hayar ya ce ba a gina masa katanga. Sai Abdurrahim ya shiga bincike a intanet. Mutumin kirki ne, wannan ba a musu, sai dai irin mazan nan ne da suka fi yarda da hoto a kan maganar matarsu. Ya gano wani ɗan itace mai ƙananan ganye da Turawa ke shinge da shi, boxwood ake ce masa, ya kwaso tukwane cike da bayan mota. Aka jera, aka dasa. Itacen ƙasar sanyi ne, me ya haɗa shi da ruwa da zafin Cheras? Ya tsaya iya gwiwa yana kallon mutane, daga baya ya yi ɗorawa, ya kakkaɓe ganye, ya mutu.

Wata rana a bakin kasuwa Larai ta hangi wani ganye wurin mai sayar da tsirrai, ta tsinka ta murza ta shinshina. Lalle ne! Mutanen garin inai suke ce masa. Ta tumɓuke gawarwakin itacen Bature, ta kafa rassan lalle kusa da kusa a jikin wayar, kamar yadda ake yi a lambun kakanninta. Ruwan wankin shinkafa ba ta zubarwa, nasa ne. Almakashi kuwa bai taɓa kusantar sa ba, don ita ba ado take nema ba. Tsayi take so da duhu.

Sai da aka shekara biyu da wani abu kafin lallen ya shige kanta, ya rufe wayar ruf. Ranar da ta tabbatar ko mai tsawo ba ya hango ciki, ta cire ɗankwali ta zauna a ƙasa, iska ta shiga gashinta. Kuka ta yi, na daɗi.

Kafin ka ce me, labari ya zaga matan ɗalibai. Daga unguwar Bukit Jalil suke hawo jirgin ƙasa, daga unguwar Titiwangsa, matan da ke rufe a hawa na ashirin ba su da ko inda za su taka ƙasa. Suna zuwa kitso, suna zuwa ƙunshi, wasu ma don su miƙe ƙafa kawai su yi Hausa. Wannan ɗan fili shi ne tsakar gidansu duk a faɗin birnin.

Maƙwabcinsu na baya wani dattijo ne Bamale, ɗan ƙasar, Pak Cik Hassan, wato Baba Hassan, mai ritaya, ba ya fashin jam'i a ɗan masallacin unguwa. Shi a idonsa shingen nan daji ne, matattarar sauro, ga zazzaɓin dengi yana kwantar da yara. Ya ɗauka baƙi ne masu fama da karatu, ba su da lokacin gyara. Da aka sa ranar aikin gayyar unguwa, ya tari Abdurrahim bayan magariba a gaban mutane, ya ce za su taimaka su rage masa shingen.

Nan ne Abdurrahim ya kwafsa. Kalma ɗaya ce za ta raba gardama: iyalina suna zama a wurin babu lulluɓi. Dattijon Musulmi ne, da ya gane nan take. Amma ɗan Kano ya buɗe baki ya yi zancen kan matarsa a tsakiyar maza, a ƙofar masallaci? Kunya ta hana shi. Ya sosa ƙeya ya ce, "Boleh, Pak Cik, boleh," wato ya amince. Ya taho yana lallashin kansa cewa gefen lungu kawai za su share. A gida ma bai faɗa ba, don ya san abin da zai ji.

Ran Lahadi da hantsi Larai na yi wa Bashira kitso, matar wani malami da ta taho tun daga Bukit Jalil. An gama rabi, rabi a tsefe. Ita kanta Larai ɗaurin ƙirji ne a jikinta. Suna jin ƙarar inji a lungu, suka ɗauka ciyawa ake yanka. Sai ƙarar ta matso. Kan lallen ya girgiza, ya rusuno gaba ɗaya, haske ya faɗo musu. Ga fuskokin maza a jere, kuma a cikinsu har da Abdurrahim, riƙe da manjagara.

Bashira ta ƙwalla ihu ta yi kicin a guje, Larai ta rufa mata baya tana kare ƙirji da hannu. Dattijon ya kashe injin, ya juya baya yana istigfari. Ta taga Larai ta ji muryarsa.

"Ya Allah! Why you never say lah, Rahim? Why you never say?"

Bashira ko tsayawa a ƙarasa mata ba ta yi ba. Ta tura rabin kitson cikin hijabi ta kira mota.

Abdurrahim ya shigo ya yi tsuru-tsuru a bakin ƙofa. Larai na tsaye tana jiran sa.

"Maman Afnan, wallahi misunderstanding ne. I thought gefen waje kawai..."

"Ka sani ko ba ka sani ba?"

"Na sani, amma ki duba, a gaban mutane ya yi min maganar. Ta yaya zan tsaya ina explaining sha'anin iyalina ga maza?"

"Abban Afnan, ka ji kunyar ambatona a gabansu, amma ba ka ji kunyar su ganni ba ko?"

Can ya yi ƙarfin hali ya ce ai lalle ne, zai sake tofowa.

"Ya tofo wa wa? Ba bayan salla za ka yi viva, ka kare digirinka, mu tattara mu koma gida ba?"

Ta leƙa ta taga. Mazan sun watse, sun bar aikin rabi da rabi, tsakiyar shingen a wangale iya ƙugu, lungu fayau. Wayarta ta yi ƙara. Saƙon murya ne daga Zuhra, ɗaya daga cikin matan Titiwangsa, tana tambaya ko ta taho da 'yan matanta gobe a yi musu kitson suna.

Larai ta kalli giɓin, ta danna wayar ta kai bakinta.

"Kada ki wahalar da kanki," ta ce. "Babu wurin zama."