Ciyawar Bayan Randa

A Dutsin-Ma, zamanin da nake yarinya, ciyawa a tsakar gida abin kunya ce. Macen kirki takan share gidanta tun da sassafe har ƙasa ta yi fes, in wani ɗan tsiro ya leƙo da damina a tumɓuke shi kafin maƙwabta su gani. Gidan da aka bar ciyawa, cewa ake ko matar gidan ƙazama ce, ko kuwa macizai take kiwo. To, a irin wannan gari ne mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta dasa ciyawa da hannunta, take kuma ba ta ruwa safe da yamma.

Kiri-kiri ce, irin mai yaɗo a ƙasa, mai laushi a tafin ƙafa. Faɗinta bai wuce tabarma biyu ba, tana bayan randunan ruwa, inda inuwar katanga ke sauka da la'asar. Daga Birchi ta zo da ita. Gidan mahaifinta a bakin fadama yake, akwai rijiya a ƙofar gida da wannan ciyawa ta kewaye, nan ta girma tana zama da mahaifiyarta, wadda ta rasu tun Inna ba ta yi aure ba. Ran da za a kawo ta ɗakin Baba, tsohon ya sa fartanya ya ɓanɓaro dunƙule guda da ƙasarsa, ya sa a fasasshiyar tukunya, aka ɗora wa jaki tare da kayan ɗaki. An ce 'yan rakiyar amarya sun sha dariya a hanya.

Baba bai damu ba. Shi falken hatsi ne, yau yana wannan kasuwa gobe yana waccan, in dai ya dawo ya tarar da tuwo da zafi, ko kuka aka shuka masa a tsakar gida ba zai tanka ba. Mai damuwa ita ce Gwaggo, yayarsa, wadda ta dawo gidanmu da zama bayan rasuwar mijinta. Mace ce mai tsafta har ta yi yawa, tsintsiyarta ba ta hutawa. Duk sanda ta zo ɗiban ruwa sai ta ɗage zane, ta tsallake ciyawar kamar mai tsallake kwata, ta ce, "Wanga abu dai, sai ran da ya haifa mana maciji za a ji maganata."

Inna sai ta ce, "Allah shi tsare, Yaya," ta ci gaba da abin da take yi.

Kowane lokaci na shekara da irin hidimar da ciyawar ke so, kuma a gindin Inna na koye su duka. Da damina takan yi tsawo kamar ana jan ta, sai a bi ta da lauje duk mako, a bar mata kamar tsawon ɗan yatsa, abin da aka yanka a kai wa tunkiya. A datse yaɗon da ya nufi hanyar madafa, don kada Gwaggo ta sami abin faɗa. Ƙarangiya da tsidau kuwa da hannu ake cire su, tun ba su yi 'ya'ya ba. Da kaka sai a murje busasshen takin awaki a barbaɗa mata sama-sama. In sanyi ya shigo takan yi ja, mai kallo ya ce ta mutu, alhali barci take. A lokacin ba a sa mata lauje, sai dai a kewaye ta da ƙaya saboda kaji da awaki, a zuba toka a gefe saboda gara. Bazara ita ce babbar wahala. Rijiyoyi sun yi ƙasa, kowane tulu da lissafinsa, ba mai yarda a zubar da ruwan sha a kan ciyawa. Sai Inna ta ajiye kasko inda ake alwala, abin da ya taru shi ne rabonta. Ruwan sabulu bai taɓa zuwa kusa da ita ba. Da rana ta take kuma a jingina mata tsohuwar zana ta yi mata inuwa.

Ni ce 'yar fari, kuma Inna 'yar ƙauye ce mai tsananin alkunya. Ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai "ke". Ba ta goya ni a gaban mutane ba, ba ta yi mini kitso ba, Gwaggo ce mai yi. Ƙannena su hau cinyarta su sauka, ni ina kallo daga nesa, ina jin haushinsu. Amma da la'asar, in ta gama aiki, takan zauna a bakin ciyawar nan ta miƙe ƙafafu a ciki, ni kuma in zo da sunan cire ƙarangiya in zauna kusa da ita. Ba ta kore ni ba ko sau ɗaya. Ba ma yin hira, iyaka ta nuna da yatsa ta ce, "Ga wata can," in je in cire in dawo. Duk faɗin gidan nan, wurin nan kaɗai ne kafaɗata ke taɓa tata.

Ina da shekara goma ko sha ɗaya aka aiko daga Birchi cewa kakana ba shi da lafiya. Ƙarshen sanyi ne, zafi ya fara shigowa. Inna ta ɗaure kayanta, ta goya autanmu, har ta kai zaure sai ta dawo, ta same ni a bakin randa. Ba ta dube ni ba, ciyawar ta duba, ta ce, "Ke, ga amana nan. Kaskon alwala safe da yamma. Kada ki bari ta mutu."

Ban taɓa jin girma irin na ranar ba. Na riƙe amanar nan da hannu biyu. Nakan riga kowa tashi don kada a zubar da ruwan kasko, har faɗa na yi da ƙanena da ya wanke hannun miya a ciki. In ruwan bai isa ba in rage nawa na wanka. Na gyara ƙayar, na ja zana da rana, na janye da yamma. Wata biyu ana haka, bazara ta kankama, ko'ina a gari ya bushe ƙurmus, amma bayan randarmu shar yake. Ina ta ƙirga ranar da Inna za ta dawo ta gani.

Sai labari ya zo cewa tsohon ya cika. Baba ya tafi aka yi jana'iza ya dawo, ya ce Inna za ta zauna har a yi sadakar arba'in. A nan ne Gwaggo ta yi tunaninta. Ta ce matar gida za ta dawo da zafin rashi, mata za su cika gidan nan don gaisuwa, bai kamata a tarbe ta a tsakar gida mai rami-rami ba. Za ta kira gayya a yi mata daɓe, daga bakin zaure har madafa. In faɗi gaskiya, ba mugunta ta nufa ba. A wajenta babu karamcin da ya fi wannan, kuma ita ta sayar da akuyarta aka yi abincin gayyar.

Aka kawo tsakuwa a kan jakuna aka zube. Aka jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa da ake yayyafa ruwansa don daɓe ya yi ƙarfi da sheƙi. Da hantsi matan unguwa suka cika gidan, kowa da madaɓinta, aka dama fura a manyan ƙore. Ina ta murna da kai-kawo, don ban kawo a raina cewa daɓen zai kai bayan randa ba. Sai na ji Gwaggo ta ce da wata maƙwabciyarmu, "Ɗauko hwartanya ki kwashe mana wanga daji, yau dai Allah ya kawo ƙarshenshi."

Ina tsaye, da ƙwaryar ruwan makuba a hannuna. Maganar tana bakina: amanar Inna ce, a bari ta dawo. Kalma nawa ce? Amma ga mata ashirin, duk iyayena, ga Gwaggo da ba a yi mata musu, kuma an koya mini cewa yarinya ba ta tsoma baki in manya na aiki. Matar ma da ta ɗaga fartanya sai da ta dube ni, don ta san ni ke ba ciyawar ruwa, ta ce, "Ko da magana, ɗiyata?"

Na girgiza kai.

Ba a ɗauki lokaci ba. Aka kankare ciyawar kamar ana nannaɗe tabarma, aka watsa wa awaki. Aka baza tsakuwa, mata suka durƙusa a jere suna bugu suna waƙa, madaɓai na sauka tare. Ni ce na yayyafa ruwan makuba a wurin, da hannuna, domin ni aka ce in yi. Daɓe ya yi kyau, ba ƙarya, ja wur, sumul, har mata daga wata unguwa suna zuwa kallo. Kwana uku ban iya cin tuwo ba, Gwaggo ta ce ciwon shawara ne, ta jiƙa mini magani.

Ran da Inna ta dawo ta rame, ta yi baƙi. Ta shigo da sallama, mata suka taso, Gwaggo ta kama hannunta tana nuna mata aikin. Na ɓoye a bayan ƙofar madafa ina kallon fuskarta. Idonta ya tafi bayan randa, ya tsaya, bai daɗe ba ya dawo. Sai ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Yaya, na gode. Allah shi saka da alheri, Allah shi bar zumunci." Ta bi matan ɗaya bayan ɗaya tana godiya. Daga baya na ji tana gaya wa wata cewa an raba gidan Birchi, wanda rijiyar ta faɗo a rabonsa ya ce zai kafa turken shanu a wurin.

Na jira ta kira ni. Na shirya wa duka, na shirya wa zagi, wallahi da ta yi da na ji sanyi. Ba ta ce komai ba, ranar ko washegari ko bayan shekara. Da la'asar sai ta shige ɗaki. Ba ƙarangiyar cirewa, ba ni da dalilin zama kusa da ita, na koma kallo daga nesa kamar dā. Abu ɗaya ne bai canja ba: kullum in ta yi alwala, sai ta ɗauki kaskon ta juye a gindin randa, ta jikin katanga. Gwaggo ta yi ta mita cewa za ta ɓata daɓe.

Bayan ruwan sama na uku na je ɗiban ruwa, na leƙa tsakanin randa da katanga, lungun da madaɓi bai iya shiga ba. Tsiro uku ne, sirara, kore. Ban gaya wa kowa ba. Na fara rage ruwa a moɗa ina zubawa a ɓoye, kuma sau da yawa sai in tarar wurin da danshi, wani ya riga ni. Wata rana na ga an datse yaɗon da wuƙa, daidai yadda ba zai leƙo waje ba. Shekara bakwai muka yi haka, ni da ita, ciyawar ba ta wuce faɗin faifai ba, kuma ko sau ɗaya ba mu yi maganarta ba. Ba a zama a kan faifai, don haka ban sake samun kafaɗarta ba.

Da aurena ya zo, Kurfi aka kai ni, gidan wani malamin makaranta da nake so yake sona. Ranar tafiya, an gama loda kaya a mota, ƙawaye na ta hayaniya, uwa kuwa ba ta fitowa, balle ga 'yar fari. Sai ƙanwata ta zo ta ce Inna na kira a bayan randa. Na same ta tsugune, hannunta duk ƙasa, ga fasasshiyar tukunya a gabanta da rabin ciyawar a ciki. Ta miƙo mini, ba ta ɗago kai ba, ta ce, "Ruwa kam kin iya ba ta, na gani. Baki ne ya rage maki."

Iyakar abin da ta taɓa faɗa a kan maganar ke nan. Na rungume tukunyar har Kurfi, ina kuka, mata suna cewa amarya na kukan rabuwa da gida.

Inna ba ta kai tsufa ba, shekara huɗu bayan aurena ta rasu. Gidanmu na Dutsin-Ma kuwa tuni ƙannena suka shafe shi da siminti, randunan ma babu su. Amma ciyawar tana nan a gidana. Saboda ita na yi faɗa da uwar mijina, na yi da maƙwabta masu awaki, na kori magini da ya zo da awonsa, na ce wa ɗana da ya so ya shimfiɗa siminti ya je ya gina nasa gidan. Jikokina suna ce mini tsohuwa mai baki, ba su san a makare na same shi ba.

Yanzu gwiwa ba ta bari in yi yankan lauje sai a zaune, amma ni ke yi. Da na bar ta ta yaɗu da ta cinye gidan, sai dai ina datse ta, faɗin tabarma biyu, ba ƙari ba ragi. Da la'asar in fito in zauna a gefe ɗaya in miƙe ƙafafu a ciki. Ɗaya gefen ba na bari kowa ya zauna.